Da Sauƙi, Bappa

Tun daga bayan ƙofar zaure Khadijatu ta hango Bappa ya kama hannun Hafizu, ta kuma san ba yanzu zai saki ba.

Haka gaisuwar Bappa take. Idan ya kama hannun mutum sai ya tambayi gida, ya tambayi iyaye, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ko ruwan da aka yi a Yelwa ya kai na Ƙofar Ran, duk hannun yana cikin nasa.

"Yaya hannun?" in ji Bappa.

"Da sauƙi, Bappa. Alhamdulillahi."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya ƙara jijjiga shi sannan ya saki, ya zura takalmansa ya nufi rumfarsa ta hatsi.

Bappa ƙanen mahaifinta ne, shi ya riƙe su ita da Inna tun rasuwar Baba. Shi ne kuma ya dakatar da maganar aurenta.

Hafizu mai yankan gilashi ne, yana haɗa tagogi da ƙofofi a wani shago a Yelwa. Ana dab da ya turo magabatansa gilashi ya suɓuce masa, ya yanke shi a wuyan hannun dama har jijiya. Likitoci suka yi masa tiyata suka ɗinke jijiyar. Bappa ya je dubiya, ya yi addu'a, da ya dawo gida ya ce, "A bari tukuna mu ga makomar hannun nan. Da shi zai ciyar da ita."

Ba a jima ba Yero, ɗan aminin Bappa, ma'aikacin gwamnati mai mota, ya fara sallama a ƙofar gidan. Bappa bai ce masa e ba, bai ce a'a ba. Yanzu mahaifin Yero ya matsa yana son amsa. Bappa ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai zauna da Hafizu, abin da ya gani a zaman nan shi zai yanke hukunci da shi.

Yau Laraba.

Khadijatu ta shigo da sallama, ta ajiye wa Hafizu ruwa, ta zauna a ɗaya gefen tabarmar.

"Ranki ya daɗe, yau an shanya ni," in ji shi.

"Ai ba ni na shanya ka ba. Wa ya isa ya shigo Bappa bai gama ƙidayar danginka ba?"

Ya yi dariya. Ita kuwa goshinsa take kallo. An yi ruwa da rana, garin ya yi sanyi, amma gumi ne yake tsattsafo masa har gefen hula.

Ta miƙa hannu za ta tura masa kofin, gefen mayafinta ya shafi bayan yatsunsa. Shafa ce kawai, wadda ko ƙuda ba za ta kora ba.

Hafizu ya fizge hannun, ya runtse ido, ya ciji leɓe.

"Subhanallahi! Me na yi maka?"

"Ba komai. Tsorata na yi."

"Mayafi ne ya tsorata ka?"

Kafin ya samu amsa wayarsa ta yi 'yar ƙara. Khadijatu ta san ƙarar. Manhajar da Sista Paulina, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, ta saka masa ce ranar da aka sallame shi. Safe da yamma takan tambaye shi yadda ciwon yake. Akwai fuskoki a jere, daga mai murmushi har mai kuka, kowace da lambarta daga sifili zuwa goma. A ƙasa akwai hoton hannu, mutum ya taɓa inda yake masa ciwo, ya zaɓi irinsa, ko ƙuna, ko suka kamar ta allura, ko fizga kamar ta lantarki. Duk abin da ya danna Sista tana gani a asibiti, da shi likita yake ƙara magani ko ya rage.

Da babban yatsansa na hagu Hafizu ya danna, ko kallon kirki bai yi wa wayar ba, ya kife ta a tabarma.

"Me ka danna?"

"Biyu."

"Biyu? Kai da ka zabura yanzu kamar kunama ta harbe ka?"

"To me zan ce, Khadija? In ce babu sauƙi? Ina tafiya da ƙafata, ina cin abinci, ga ni zaune a gabanki. Ai sai ya zama butulci."

"Jiya me ka danna?"

"Biyu."

"Shekaranjiya fa?"

"Ina jin ɗaya. Ranar na samu ciniki."

Ba ta so ta yi dariya ba, amma sai da ta kuɓuce mata. Ta rufe baki da mayafi.

"Malam Hafizu, waya ce fa. Ba surukarka ba ce da za ka durƙusa ka ce mata lafiya lau."

"Ni dai tun da na tashi ban taɓa jin an tambayi mutum jiki ya ce da tsanani ba. A asibiti wani dattijo ne a gadon kusa da ni, da ƙyar yake fitar da numfashi, amma duk wanda ya shigo da sauƙi yake ce masa. Sai ni, a kan yatsu uku?"

"Maganin fa?"

Ya ɗan sunkuyar da kai. "Sun rage. Sista har yabona ta yi, wai a cikin marasa lafiyarta babu mai saurin warkewa irina."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta gyara zama ta fuskance shi.

"Faɗa mini yadda yake. Ba na son gaisuwa, mun gaisa tun ɗazu."

Ya daɗe yana kallon hannun a kan gwiwarsa. Ita ma ba ta matsa masa ba. A waje wani mai keke yana ta danna ham, yara suna kiran mai rake. Sai da duk wannan ya wuce sannan ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kin san idan kika taɓa murfin tukunya da ke kan wuta? Haka yatsun nan suke wuni. Wani lokaci kuma sai in ji kamar an jona mini lantarki, daga nan inda aka ɗinke har ƙarshen farce. Hannun rigata ya zama abokin gabana. Ruwan alwala, idan ya sauka a nan, sai na dafa bango."

"Idan Bappa ya kama fa?"

"Idan Bappa ya kama, duk addu'ar da na sani sai na karance ta kafin ya iso kan tambayar kasuwa."

Wannan karon dariya da hawaye tare suka zo mata. Ta share, wasu suka biyo.

"Don Allah ka gyara amsar nan."

"Bari Juma'a ta wuce."

"Me ya haɗa ta da Juma'a?"

"Idan na danna gaskiya za su kira ni. Za su mayar mini da ɗaurin robar nan da na samu aka cire. In shigo wa Bappa da hannu a rataye a wuya? Ga Yero can da hannuwansa biyu a kan sitiyari. Khadija, na daure duk tsawon lokacin nan, ragowar ba za ta gagare ni ba. In miƙa masa hannu, ya jijjiga, in ce na warke, a sa rana. Daga nan ko goma kike so sai in danna."

"Daga nan kuma Bappa ya gane ka rufe shi. Da wane ido za ka dube shi? Ni da wane ido?"

Ya kawar da kai.

"Ka san yadda Baba ya tafi?" ta ce. "Ciwon ciki ne. Kowa ya tambaya, da sauƙi. Inna ta tambaya, da sauƙi. Ni nake kai masa kunu, ina ganin yadda yake riƙe cikin idan ya zaci na juya baya. Ranar da ya yarda ya ce babu sauƙi, likita cewa ya yi ina kuka tsaya tun tuni? Ba ni da abin da na tsana a duniya kamar kalmar nan a bakin wanda nake so."

Ta tsaya, don ba ta taɓa faɗa masa haka a fili ba. Kunya ta kama ta, ta ja mayafin ta rufe rabin fuska, amma ba ta janye maganar ba.

"Idan Bappa ya ba Yero fa?" in ji shi.

"Zan yi kuka. Zan roƙe shi, in sa Inna ta roƙe shi. Amma ba zan yarda ka ƙone a tsaye saboda ni ba."

Ta ɗauki wayar, ta juyo fuskarta sama, ta ajiye a gabansa.

"Ba zan danna maka ba. Ban san ciwonka ba, kai ka san shi."

Hafizu ya dubi wayar kamar yau ya fara ganinta. Ya taɓa wurin gyara amsa. Yatsansa ya tsaya a kan huɗu, ya ɗago ya dube ta. Ita ma kallonsa take. Ya matsa zuwa shida. Ya ja numfashi, ya ce bismillahi, ya danna takwas. Sannan ya taɓa yatsu uku a hoton hannun, ya zaɓi ƙuna, ya zaɓi lantarki.

"Shi ke nan," ya ce. "Na yi wa waya rashin kunya."

Ko ruwan bai gama sha ba wayar ta fara ruri. Ya duba, ya ce, "Kin gani ko?" Ya buɗe muryar don ta ji.

"Hafizu!" Muryar Sista Paulina ta cika zauren. "Wani yaro ne ya ɗauki wayarka yana wasa?"

"A'a, Sista, ni ne. Ina wuni?"

"Ajiye ina wuni. Daga biyu zuwa takwas? Faɗuwa ka yi a kan hannun?"

"Ban faɗi ba. Dama haka yake."



"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Kai! Ku mutanen nan za ku kashe ni da da sauƙi. Ni ina nan ina nuna wa likita lambar ciwonka tana ta sauka, ina alfahari, har muka rage maka magani. Ka ji ni da kyau, ba gaishe ka abin nan yake yi ba. Idona ne a gidanka. Idan ka rufe mini ido, da me zan yi maka aiki? Gobe da safe in gan ka, kafin ka buɗe shago."

"In sha Allahu, Sista."

"Wa ya sa ka faɗi gaskiya yau? Don na san ba kai kaɗai ba ne."

Ya saci kallon Khadijatu. "Wata ce."

"To ka gaishe ta. Ita ce mai hankali a cikinku."

Washegari da hantsi Khadijatu tana taya Inna tsintar shinkafa a tsakar gida, saƙonsa ya shigo. Hoto ne. Hannun yana cikin ɗaurin roba, an rataye shi a wuyansa da farin ƙyalle. A ƙasa ya rubuta, "Ga angonki."

Ta nuna wa Inna, ta ba ta labarin duka.

Inna ta ci gaba da tsintar, ba ta ɗago ba.

"Da kun bari Juma'a ta wuce," ta ce.

"Inna, har da ke?"

"Har da ni mana. Kin san Bappanki. Ido yake bi. Ga Yero jiya ma ya aiko da dabino da turare, yaro mai ladabi, ban ga aibinsa ba. Ni na yi jinyar miji, Khadijatu, na san nauyinta. Ba na so ki fara daga inda na ƙare."

"Ni ma ban ce Yero yana da aibi ba. Ba shi nake so ba ne kawai."

"So," in ji Inna, ta watsar da wata 'yar tsakuwa. "Ku dai kun iya faɗinsa da baki, mu a zamaninmu sai dai a gani a tuwo."

Can Inna ta sa gefen zaninta ta goge ido.

"Takwas ya danna?"

"Takwas."

"A gabanki?"

"A gabana."

"Hmm." Ta tura mata farantin. "Je ki wanke. Ki sa albasa da yawa, gobe akwai baƙo."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Bappa ya zauna a kan buzunsa a zaure, carbi a hannu. Khadijatu ta laɓe a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Ba a jima ba ta ji numfashin mutum a kafaɗarta. Inna ce, da ludayi a hannu.

Hafizu ya yi sallama ya shigo. Farar shadda ya sa, hularsa ta zauna daidai, hannun kuwa ga shi nan a rataye a ƙirji, babu yadda za a yi a ɓoye shi.

Bappa ya dubi hannun. Ya dubi fuskarsa. Sannan ya miƙa nasa hannun kamar kullum.

Hafizu ya durƙusa har ƙasa, bai miƙa ba.

"Bappa, a gafarce ni. Yau ba zan iya ba da hannu ba."

Hannun Bappa ya tsaya a iska. Khadijatu ta damƙe zanin Inna.

"Ikon Allah," in ji Bappa, ya janye hannun a hankali. "Shekaranjiya ka ce mini da sauƙi."

"Na faɗa, Bappa. Ba haka ba ne. Ciwon yana nan, tun bayan tiyatar bai taɓa barina ba. Ƙuna yake kamar wuta. Na ɓoye wa likita, na ɓoye maka."

"Yanzu me likitan ya ce?"

"Ya ce akan samu haka bayan ɗinkin jijiya. Ya canza mini magani, ya ce in riƙa ba su amsa ta gaskiya a waya safe da yamma, da ita za su san ko maganin ya karɓe ni. Na tambaye shi ko hannun zai dawo kamar da. Ya ce yana sa rai, amma ba zai yi mini alkawari ba, kuma abin zai ɗauki watanni."

"A waya?"

Hafizu ya ciro ta da hagu, ya matso ya nuna masa fuskokin, ya yi masa bayani. Bappa ya nisanta ta da idonsa yana dubawa.

"Wannan mai kukan fa?"

"Goma ke nan. Ban kai can ba."

"Kai ina kake?"

"Yau da safe bakwai."

Bappa ya mayar masa da wayar. Ya ja carbinsa, ya ja.

"Wato waya ka fara gaya wa gaskiya kafin ni."

"Bappa..."

"Tsaya. Kana zaton ban sani ba? Ni da nake riƙe hannun nan ina jin yana karkarwa a cikin nawa kamar ɗan tsakon da ruwa ya daka? Kullum sai in ƙara matsawa kaɗan, in ce yau dai zai ce wayyo Bappa. Ina! Sai da sauƙi, da sauƙi, gumi yana zuba."

Hafizu ya ɗago da sauri. "Da gangan ne, Bappa?"

"Da gangan mana. Ka ga ina yi wa liman irin wannan riƙon?"

Inna ta toshe bakinta da bayan hannu.

"Da sauƙi ta mutanen waje ce," in ji Bappa. "Ita ake ba maƙwabci, a ba abokin ciniki, kowa ya kama gabansa. Ni kuma ba maƙwabtaka ka zo nema wurina ba. Kullum ka tafi sai in ce, yaron nan har yanzu a ƙofar gida ya ajiye mu. Idan wata rana abinci ya ƙare a gidansa, haka zai ce mini lafiya lau, 'yata tana ciki da yunwa."

Hafizu ya sunkuyar da kai.

"To, shagon fa? Da me za ka ci?"

"Abokin aikina Elias shi yake yanka yanzu. Ni nake zuwa awo, ni nake magana da masu gini. Ana samu, ba kamar da ba, amma ana samu."

"Ban da ƙwaya babu abin da suka ba ka?"

"Akwai motsa yatsu. Sista ta ce kuma in riƙa cire ɗaurin ina tsoma hannun a cikin ƙwaryar gero, ina juyawa a hankali, don fatar ta sake sabawa da taɓi."

Bappa ya ajiye carbin.

"Gero? Ina ka samo geron?"

"Na saya jiya a kasuwa."

"A rumfar wa?"

Hafizu ya sosa ƙeya. "Rumfar Hammawa."

"Hammawa!" Bappa ya buga cinya. "Geron Hammawa da rabinsa tsakuwa ne? Da shi za ka ƙarasa hannun? Kana da ni a garin nan ka wuce rumfata ka je wurin Hammawa?"

"Kunya na ji, Bappa."

"Khadijatu!" Bappa ya ɗaga murya ba tare da ya waiwaya ba. "Na san kina nan, tun ɗazu nake ganin yatsun ƙafarki a ƙarƙashin ƙofa. Ke da mai ludayin da ke bayanki. A ɗebo geron gonata ta Zungur, na buhun cikin ɗaki, a sheƙe shi tas. Ba za a ce surukina yana tsoma hannu a geron Hammawa ba."

Inna ta mintsini Khadijatu a damtse har sai da ta yi 'yar ƙara.

Bappa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa kamar bai faɗi komai ba.

"Ka ce wa magabatanka su zo. Ni bari in taka gidan mahaifin Yero tun rana ba ta yi sanyi ba. Abokina ne tun muna yara, maganar nan ba ta aike ba ce, da bakina zai ji ta."

Ya zura takalmansa ya fita.

Khadijatu ta ruga ɗakin hatsi. Hawaye sun cika mata ido, tana dariya tana sharewa, ta kwance bakin buhu ta cika ƙwarya har tana zuba. Ta fito da sauri za ta wuce zaure, Inna ta tare ta da ludayi, ta leƙa cikin ƙwaryar.

"Ina za ki da wannan?"

"Bappa ya ce a kai masa."

"Dawa ce, 'yar nan. Koma ki nutsu. Yana nan, ba inda za shi."